Bangon Makaranta Ma Allo Ne



A zangon karatun da ya wuce na kai ɗalibaina na aji biyar ziyara Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano, domin su ga inda dogo ya iso birnin nan a shekarar 1911, ya jawo cinikin gyaɗa, ya raya Fagge da Sabon Gari. Tun daga makaranta muka taka a ƙasa, yara suna tafe suna karanta duk abin da idonsu ya faɗa a kai, kamar yadda na koya musu. Muna cikin tafiya sai wata yarinya ta ɗaga murya tana haɗa baƙi da wasali, ta karanto wata tallar maganin manya da aka rubuta da fenti a jikin wata katanga, sannan ta juyo ta ce, "Malam, mece ce ma'anarsa?" Kunya ta rufe ni, na ce mu yi sauri kada rana ta yi.

Da muka dawo na tsaya na dubi katangar makarantarmu da idon baƙo. Fastocin zaɓen 2023 suna nan wani kan wani, rana ta cinye fuskokin, ga lambobin wayar masu haƙa rijiyar burtsatse da masu neman aiki, ga zagi da gawayi, ga baƙin hayaƙin shara. Wannan ne shafin farko da yaro yake karantawa kowace safiya kafin ya buɗe littafi. Mu muna cikin aji muna koyar da cewa tsafta cikon addini ce, bango yana waje yana ƙaryata mu.

Maganin da muka saba shi ne a sake fenti, fenti kuwa kuɗi ne, kuma wanda aka yi yau ba ya wata uku sai an ɓata shi. Akwai wata dabara da ake amfani da ita a biranen duniya wadda ya kamata mu sani. Wani ruwa ne garai-garai da ake haɗawa da kaki ko sitaci, a shafa shi a kan bango bayan fenti ya bushe. Idan ya sha iska ba a ganinsa, amma ya zama riga ga bangon. Duk wanda ya zo da fentin feshi ko alƙalamin maka, a kan rigar zai rubuta, ƙura da dauɗa ma a kanta suke tsayawa. Ranar wanki sai a feshe ta da ruwan zafi mai ƙarfi, ta narke ta sauka tare da ƙazantar, fenti na ƙasa yana nan lafiya, a sake shafa sabuwa a wurin da aka wanke kawai. Akwai wani nau'in mai ɗorewa wanda ba ya sauka, amma masu kula da tsofaffin gine-gine sun fi son mai saukar, domin ba ya toshe bango ya hana laima fita.

Kada wani ya ce wannan tunanin Turawa ne. Maginan Kano sun san hikimar yi wa bango riga tun kafin zuwan siminti. Suna yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Suna haɗa laso da katsin marina, irin ta Ƙofar Mata, da gashin jima da dafara, ruwa ya sauka bai taɓa ginin ba. Idan yaɓe ya gaji a sabunta shi kafin damina, mata kuma su bi ɗakunansu da farar ƙasa gab da Sallah. Ka'idar ɗaya ce: rigar ta sha wahala, jikin ya tsira. Abin da muka yar shi ne al'adar waiwayar bango a kan lokaci.

Na san abin da wasunmu za su ce. Yara suna zaune a ƙasa, aji guda ya haura ɗalibai ɗari a wasu makarantu, haƙƙoƙinmu ba su gama fitowa ba, sai maganar katanga? Gaskiya ne, kuma ban ce a saya wa bango riga a bar yaro ba benci ba. Hujjata ita ce kuɗin fenti ana kashe su ko mun yi magana ko mun yi shiru. Tun da gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024 ake gyaran azuzuwa, kuma zaɓen 2027 yana tafe, makarantunmu ne rumfunan zaɓe. Abin da aka gyara da dukiyar jama'a, masu bokitin koko da fastoci za su iya rufe shi a dare ɗaya. Tun ran gini ran zane.

Ban kuma ce shafin nan shi kaɗai zai wadatar ba. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin New York a Amurka sun yi shekaru a lulluɓe da rubuce-rubuce. A 1984 hukumarsu ta ɗauki ƙa'idar cewa taragon da aka wanke, in an sake ɓata shi, ba zai fita aiki ba sai an goge, kuma a 1989 aka janye jirgi na ƙarshe mai rubutu. Mai ɓata bango so yake a gani. Idan ya san gobe za a share, sai ya gaji. Amfanin shafin shi ne ya sa sharewar ta zama mai sauƙi da araha.

Saboda haka ina roƙon reshenmu ya ɗauki matakai huɗu. Na farko, mu rubuta wa SUBEB ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a gwada wannan shafi a katangar gaba ta makaranta ɗaya ko biyu, a ga yadda zai jure zafin bazara da ƙurar hunturu kafin a faɗaɗa. Na biyu, kwamitin kula da makaranta da mai unguwa su ware allon sanarwa guda a wajen ƙofa, su sanar da jam'iyyu da masu talla cewa nan ne iyakarsu. Na uku, a haɗa duba bango da tsaftar ƙarshen wata, iyaye da tsofaffin ɗalibai su sa hannu. Na huɗu, a ba yara bango ɗaya a cikin harabar makaranta, a shafe shi da baƙin fentin allo, su yi zane da rubutu da alli iya son ransu. Hannun yaro ƙaiƙayin rubutu yake yi, mu ne muka sa masa shi, bai dace mu hana shi wurin sosawa ba.

Har yau ban ba yarinyar nan amsar tambayarta ba. Amsar da nake fatan ba ta ita ce ta zo wata safiya ta tarar da katangar makarantarta fes, babu komai a jiki sai sunan makarantar da abin da malaminta ba zai ji kunyar fassara mata ba. Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.