SHARHI: Farfaɗiya tana jin magani, to me ya sa masu ita ke ɓuya a Najeriya?

A watan Mayun 2022, ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Najeriya, sun amince da wani shiri na shekara goma a kan ciwon farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a babban taronsu karo na 75 da aka yi a birnin Janeba. Alƙawura biyu ne a cikin shirin suka shafi masu farfaɗiya kai-tsaye. Na farko, zuwa shekarar 2031 kowace ƙasa za ta ƙara yawan masu ciwon da ke samun kulawar asibiti da kashi 50 cikin 100 a kan yadda abin yake a 2021. Na biyu, kashi 80 cikin 100 na ƙasashen za su yi sababbin dokoki ko su gyara tsofaffi domin kare haƙƙin masu wannan lalura. Wa'adin yana ƙaratowa, kuma takardun da cika waɗannan alƙawura ya rataya a kansu suna kan teburan ma'aikatu da hukumomi da kwamitocin majalisa a nan Abuja.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 daga cikinsu suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Hukumar ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ciwon za su iya daina faɗuwa ɗungurungum idan aka gano ciwon kuma aka ba su maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta mutum uku cikin huɗu ba sa samun wannan magani. Haɗarin mutuwa da wuri ga mai farfaɗiya yakan kai ninki uku na sauran jama'a. Likitoci sun daɗe da sanin yadda ake shawo kan ciwon. Abin da ya rage shi ne yadda magani zai riƙa isa hannun mai ciwo ba yankewa, da yadda zai fito ya nemi maganin ba tare da ya rasa aikinsa ko aurensa ba. Duka biyun aikin hukuma ne.

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne ta hanyar wata 'yar wutar lantarki, kuma idan wannan wuta ta yi tsalle fiye da ƙima na ɗan lokaci sai mutum ya fita hayyacinsa. Wani yakan faɗi yana jijjiga, wani kuma sai dai ya yi zuru na 'yan daƙiƙoƙi yana kallon wuri guda, ko ya riƙa motsa baki da hannu bai san yana yi ba. Faɗuwa sau ɗaya ba ta isa a ce mutum yana da farfaɗiya ba, domin mutum ɗaya cikin goma yana iya faɗuwa irin wannan sau ɗaya a rayuwarsa. Haka ma jijjigar da zazzaɓi mai zafi kan jawo wa ƙananan yara daban take. Likita yakan tabbatar da ciwon ne idan faɗuwar ta maimaitu ba tare da wani dalili na nan take ba.

Rayuwar mai farfaɗiya ta yau da kullum ta rataya ne a kan ƙwayar maganin da zai sha kowace rana, sau ɗaya ko sau biyu, shekara da shekaru. Mai zazzaɓin cizon sauro yakan sha magani kwana uku ya gama. Mai farfaɗiya kuwa idan ya yi fashin kwana biyu ko uku, maganin da ke cikin jininsa yakan ragu, ciwon ya dawo, wani lokaci da ƙarfin da ya fi na da. Yanke magani farat ɗaya yana iya jawo jijjiga mai tsawo wadda ba ta tsayawa, kuma ita ce takan yi kisa ko ta raunata ƙwaƙwalwa. Likita ba ya duba yiwuwar janye magani sai mutum ya yi kamar shekara biyu bai faɗi ba, kuma a hankali ake rage shi.

Wannan ne ya sa girgizar da kasuwar magunguna ta yi daga 2023 ta fi yi wa masu farfaɗiya illa a kan masu cututtukan da ake warkewa cikin mako guda. A watan Yunin 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, farashin duk abin da ake shigowa da shi ya tashi. A watan Agusta kamfanin GSK ya sanar da cewa zai daina gudanar da harkokinsa kai-tsaye a Najeriya, kafin ƙarshen shekarar kuma Sanofi, mai yin Epilim, ya ce shi ma zai miƙa rarraba magungunansa ga wani dillali. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marar lafiya yake fitowa, tsadar magani tana nufin uba ya riƙa raba ƙwaya biyu, ko ya saya wa ɗansa na mako biyu a madadin na wata guda, ko ya koma ga mai araha a kasuwar bayan fage. Jabun magani ga mai farfaɗiya daidai yake da fashin sha, sai dai shi bai san ya yi fashi ba.

A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin cire harajin shigo da kaya da harajin VAT a kan wasu kayayyakin haɗa magunguna da na'urorin yin su, domin ƙarfafa masana'antun cikin gida. Mataki ne mai kyau, amma ma'auninsa ga mai farfaɗiya guda ɗaya ne, wato farashin da zai tarar a kantin magani na unguwarsu a ƙarshen wata. Tsofaffin magungunan ciwon, irin su finobabiton, suna cikin mafiya araha a duniya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa Dala biyar za ta iya sayen na shekara guda ga mutum ɗaya. Gwamnatin da ke iya kai maganin tarin fuka da na ƙanjamau kyauta zuwa ƙananan hukumomi tana da hanyar da za ta bi ta kai wannan ma.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana da ɗan rufin asiri, tun da inshorar NHIA ta ɗauke shi da abokiyar zama ko abokin zama da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma kashi 10 cikin 100 kawai yake biya na kuɗin magani. Sai dai akwai ramuka biyu. Koken da masu inshora suka saba yi shi ne a rubuta magani, a je ɗakin magani na asibiti a ce ya ƙare, a tura mutum waje ya saya da kuɗinsa. Na biyu, yaron da ke da farfaɗiya yakan fita daga inshorar mahaifinsa da zarar ya cika shekara 18, sai dai a biya masa daban, alhali a lokacin ne yake shiga jami'a, yana kwana karatu, ba shi da kuɗin shiga. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa kuma ta tanadi asusun marasa galihu. A nan ne ya kamata masu cututtuka na dindindin irin wannan su samu gurbi.

Sannan akwai batun inda ake ganin likita. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da na'urar EEG mai auna wutar ƙwaƙwalwa sun taru ne a manyan birane, a asibitocin koyarwa da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna da Maiduguri da Kware. Iyali da yawa suna jin nauyin a gan su a ƙofar asibitin da jama'a ke kira na masu taɓin hankali, ko da yake farfaɗiya ba taɓin hankali ba ce. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane farfaɗiya su kuma fara ba da magani, su tura masu wuyar sha'ani gaba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Idan aka haɗa wannan horo da wannan asusu, mai ciwo zai karɓi maganin wata a asibitin garinsu ba sai ya biya kuɗin mota zuwa babban birnin jiha ba.

Ko da magani ya wadata, wanda ke ɓoye ciwonsa ba zai je karɓa ba, kuma masu farfaɗiya suna da dalilin ɓoyewa. Har yau akwai masu ganin cewa ana ɗaukar ciwon ta kumfar bakin wanda ya faɗi, abin da ba shi da tushe ko kaɗan, amma shi ke sa jama'a su watse a daidai lokacin da mutum ya fi bukatar a riƙe shi. Wasu kuma da an ga jijjiga sai a ce iska ce, a yi shekaru ana yawon neman magani a wurare daban-daban kafin a taka asibiti, yaro ya rasa karatu, ya sha ƙuna a bakin murhu. Addu'a ba ta hana shan magani. Kuma malamai sun san labarin sahabiyar nan mai farfaɗiya da ya zo a Bukhari da Muslim, wadda Manzon Allah (SAW) ya yi wa albishir da Aljanna, ya kuma yi mata addu'ar kada jikinta ya riƙa bayyana idan ta faɗi. Darasin mutunta mai wannan lalura yana nan a fili.

Ita kanta doka tana da hannu a wannan ɓuya. Sashe na 5 na Dokar Shari'o'in Aure ta 1970 ya jera farfaɗiya mai maimaituwa tare da hauka a cikin dalilan da za a iya neman kotu ta rushe aure, bisa wasu sharuɗɗa, idan ɗaya daga cikin ma'auratan yana da ita a lokacin ɗaurin auren. Dokar ta shafi auren rajista ne kawai, ban da na Musulunci da na gargajiya, amma saƙon da take aikawa ya shafi kowa. Birtaniya ta cire irin wannan tanadi daga dokarta tun 1971. Cire kalma ɗaya daga wannan sashe ba ya bukatar ko kwabo a kasafin kuɗi, kuma shi ne ainihin irin gyaran da Najeriya ta yi alƙawari a Janeba. Mataimakan 'yan majalisa da ke neman ƙudurin da mai gidansu zai gabatar suna da guda a nan.

A wurin aiki ma haka abin yake. Duk wanda za a ɗauka aikin gwamnati sai ya kawo takardar shaidar lafiya, kuma mai farfaɗiya yakan yi shiru saboda tsoron kada a ajiye takardunsa. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta haramta wariya kuma ta ware kashi biyar cikin 100 na guraben aiki a hukumomin gwamnati. Ya kamata hukumar da aka kafa domin aiwatar da ita, tare da Ofishin Shugaban Ma'aikata na Tarayya, su fito da takardar umarni da ta bayyana matsayin mai farfaɗiya ƙarara. Yin shiru yana da haɗari ga kowa. Direban da ya san za a sallame shi idan ya faɗi gaskiya zai ci gaba da riƙe sitiyari, amma wanda ya san za a mayar da shi wani sashe har ciwon ya lafa zai yi magana. A Birtaniya ƙa'idar ita ce mai motar kansa ya yi shekara guda bai faɗi ba kafin ya koma tuƙi.

Mafi yawan abin da ma'aikaci mai farfaɗiya ke bukata ƙanƙane ne. Rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, don haka taron tsakar dare da tafiyar asuba a jere, waɗanda hadiman manya suka saba da su, suna bukatar sassauci. Giya da tiramol suna tayar da shi. Mai niyyar azumin Ramadan ya ga likitansa tun kafin watan ya kama, domin a daidaita lokutan shan magani da sahur da buɗa-baki, ko a faɗa masa gaskiya idan azumin zai cutar da shi. Mace mai shan Epilim da ke son haihuwa ta nemi shawarar likita kafin ta ɗauki ciki, saboda maganin yana iya yi wa ɗan tayi illa, amma kada ta daina sha da kanta.

Idan abokin aiki ya faɗi a ofis, abin yi shi ne a kawar da kujeru da duk abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a sassauta masa wuyan riga, a duba agogo. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ba shi ruwa sai ya farfaɗo sosai. Da jijjigar ta tsaya a kwantar da shi a gefe guda domin yawu ya fita, a suturta shi, a sallami 'yan kallo. Yawanci abin yakan wuce cikin minti biyu ko uku. Idan ya haura minti biyar, ko ya sake dawowa kafin mutum ya farfaɗo, ko ya ji rauni, ko mace ce mai ciki, ko kuma wannan ne karo na farko, a garzaya asibiti.

Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na farfaɗiya ana iya hana aukuwarsa, kuma musabbabansa sanannu ne a wurinmu: doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, bugun kai a haɗarin babur, da shanyewar ɓarin jiki. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar, a watan Disambar shekarar kuma aka fara allurar zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa. Kowace ungozoma da aka horar da kowace hular kwano da ɗan acaɓa ya sa suna rage yawan waɗanda za su shiga layin karɓar magani nan gaba.

Idan 2031 ta zo, Ma'aikatar Lafiya za ta rubuta rahoton abin da Najeriya ta yi da alƙawuranta, kuma wasu daga cikin masu karanta wannan sharhi ne za su tsara shi. Abin da za su samu su rubuta zai fito ne daga ayyukan da aka fara yanzu: gyaran sashe na 5 a majalisa, tabbatar da maganin farfaɗiya a ɗakunan magani na asibitocin da ke ƙarƙashin NHIA, horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, da takardar umarni daga Ofishin Shugaban Ma'aikata wadda za ta ba ma'aikaci damar faɗa wa shugabansa ciwonsa ba tare da fargabar rasa abincinsa ba.