Siririyar Waya Ita Ke Ƙona Famfon Manomi

Rani ya kama, masu lambu sun koma fadama. A dā da jigo aka san ban-ruwa, sa'an nan injin fetur ya zo, yanzu kuwa ga famfon lantarki, wani na janareta, wani na farantan hasken rana. Madalla da wannan ci gaba. Amma akwai wata hasara da ke bin manoma a ɓoye. Mutum ya sayar da buhunan masara ya sayi famfo mai tsada, in an zo kan waya sai ya nemi mafi araha a kasuwa. Ran da famfo ya ƙone, tumatir na tsakiyar fure, sai a dora wa mai kanti laifi. Sau da yawa laifin na waya ne.

Wanda ya san ruwa ba zai sha wuyar gane lantarki ba. Ruwan tanki mai bisa ya fi na ƙasa turi. To, turin lantarki shi ake aunawa da bolt, kuma wutar gida a Nijeriya wajen bolt 230 ce. Yawan ruwan da ke gudu cikin tiyo shi ne kwatankwacin amfiya, watau yawan wutar da ke bin waya. Tiyo siriri ko mai tsawo yana tauye ruwa, haka waya ke tauye wuta, wannan tauyewa kuwa da om ake auna ta. Sunan wani malami ne Bajamushe, Georg Ohm, wanda ya bayyana ƙa'idar a 1827: in an ninka amfiya da om, abin da ya fito shi ne bolt ɗin da suka zube a hanya. Aikin da wuta ke yi kuma shi ne wat, ana samunsa in an ninka bolt da amfiya. Abin da masu inji ke kira doki ɗaya wat 746 ne.

Ga misali. Famfo yana jan amfiya 5, tsakaninsa da janareta mita 200. Wuta tana zuwa tana komowa, saboda haka tafiyarta mita 400 ce, abin da mutane suka cika mantawa ke nan. Wayar jan ƙarfe mai lamba 1.5 tana da wajen om 12 a kowace kilomita, watau kusan om 5 a wannan tafiya. Bolt 24 sun zube ke nan tun ba a isa rijiya ba, wat 120 kuma sun zama zafi cikin ciyawa, alhali an biya kuɗin mansu. Da mai lamba 4 aka ja, tauyewar ba ta kai om 2 ba, abin da zai zube bolt 9 ne kacal.

Wani zai ce ai bolt 24 ba kome ba ne. Lalle da fitila ce, sai dai ta yi dushi-dushi. Famfo ba haka yake ba. Nauyin ruwan da zai ɗaga bai ragu ba, don haka in turi ya kasa sai ya ƙara jan amfiya don ya cika aikinsa. Zafi kuwa ba ya tafiya daidai da amfiya: in amfiya ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Ga shi kuma lokacin tashi famfo yakan ja ninki biyar ko shida na abin da ya saba, a nan siririyar waya ke shaƙe shi, ya tsaya yana gurnani ba ya juyawa. Kwayil ya gasu a hankali, wata rana a ji ƙauri.

Masu hasken rana su suka fi bukatar wannan lissafi, gama turinsu kaɗan ne. Wat 240 a kan bolt 12 amfiya 20 ne. In an jera farantai turi ya kai bolt 48, amfiya 5 ta isa, hasarar cikin waya ɗaya ɗin kuma ta koma kashi ɗaya cikin 16. Amma sai famfon da aka ƙera don wannan turi, ba a yin haka da ka.

Akwai kuma ha'inci a kasuwa. Ana sayar da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, tauyewarta ta ɗara ta jan ƙarfe na gaske da kusan rabi ko fiye. A kankare bakinta da wuƙa kafin a biya, in fari ya bayyana a ajiye ta. Araha ba ta ado.

Ya kamata malaman gona su sa wannan cikin abin da suke koyarwa, yadda suke koyar da taki da iri, ƙungiyoyin manoma kuma su sayi ma'aunin wuta ko guda ɗaya ne. A auna turi a bakin famfo yana cikin aiki, ba a bakin janareta ba. In ana iya matso da janareta kusa da rijiya, a matso da shi, gama rage tsawon waya da rabi rage hasara ne da rabi. Wayar da aka taɓa bayan rabin sa'a aka ji ta da zafi ta yi wa famfon kaɗan, a kashe inji a sake ta.