Dorina Ba Ta Gina Gari

Tun da aka binne Muhammadu Buhari a gidansa na Daura ranar 15 ga Yulin 2025, magana ɗaya nake ji a rumfunan kasuwa da teburin mai shayi: wai ƙasar nan ba za ta gyaru ba sai an dawo da zamanin WAI, a tsayar da mai dorina a kowace kwana. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Amma wannan magana ban yarda da ita ba.

Yaƙi da rashin ɗa'a, wato WAI, ya fara ne a watan Maris na 1984, Buhari da Tunde Idiagbon na kan gaba. Gaskiya ne, layi ya miƙe a tasha da banki, an share kwatoci. Sai dai a tuna da soja a tsaye gefen layin. A tuna da magidanci mai furfura, ya makara ofis, ana sa shi tsallen kwaɗo riƙe da kunnuwa a gaban yaran da ya haifa. Doka ta 4 ta kai 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari. A Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Legas kan safarar miyagun ƙwayoyi, da dokar da aka kafa bayan sun aikata laifin. Ranar 27 ga Agusta Babangida ya karɓi mulki, ba a jima ba layin ya watse. Tsoro ne ya tsayar da mutane, da ya kau kowa ya koma halinsa.

Mu 'yan Daura bai kamata a koya mana wannan ba. Me labarin rijiyar Kusugu yake cewa? Maciji ya tare rijiya, ba a ɗiban ruwa sai Juma'a. Kwana shida babu turereniya, babu faɗan guga, babu mai karya doka. Gari shiru, mutane da ƙishi. Bayajidda da ya sare kan macijin shi Daurama ta aura, shi muke alfahari da shi har gobe.

Yanzu gwamnatin Dikko Radda ta kafa Hukumar Hisba a Jihar Katsina. Ina goyon bayan ta sasanta miji da mata, ta tsaya wa marayu, ta rufe wurin caca da ke bainar jama'a. Abin da nake tsoro shi ne masu zuga ta, masu son a ƙwace wayar matashi a bincika, a leƙa ta katanga, a yi wa yaro aski a titi. Suratul Hujurat ta haramta bin diddigin asirin mutane. Ko a Madina an zauna da munafukai, Annabi (SAW) bai sa an tsare gidajensu an tono zukatansu ba. Wa ya kai shi son gyara?

Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar da limamanmu su ja kunnen masu wannan kira. A hukunta mai cutar jama'a a gaban alƙali, da shaida. Wanda ya rufe ƙofarsa kuwa, a bar shi da Ubangijinsa.