Zauren Asusu: Kafin a ci bashin waya mai shafawa

Hatsi ya shiga rumbu, mazan kuma sun fara ɗaure kaya, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Aljeriya ko Najeriya. Kowace shekara in wannan lokaci ya zo, maganar waya ke tasowa a kan tabarmar taro, bana ma ta taso.

A taronmu na makon jiya, bayan an gama zubi an ƙirga kuɗi, wata ƙanwarmu amarya ta nemi bashin jika 40. Da aka tambaye ta sana'ar da za ta yi da su, sai ta sunkuyar da kai ta ce waya mai shafawa take so, don maigidanta zai tafi bayan sati biyu, kuma ta gaji da aron wayar matar wansa duk lokacin da za ta ji muryarsa. Inna ma'ajiya ta ajiye makulli ta dube ta: "Ke ɗiyata, waya tana haihuwa ne? Da mi za ki biya?" Aka yi dariya, amma ita ba ta yi ba. Mu ma da muka koma gida mun ga maganar ba ta dariya ba ce. Wadda ta taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin wata tana jiran a ba ta aron waya, a gaban mutane ta yi maganar cefane da ta ciwon yaro, ta san abin da yarinyar ke ji.

Don haka muka zauna da alli da allo muka yi lissafi, kuma ga shi mun kawo muku, don mun san ba ƙungiyarmu kaɗai ce ke da irin wannan amarya ba.

A tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, kowace ƙungiya ce ke yanka wa kanta abin da za a ɗora kan bashi. Mu namu kashi 10 cikin 100 ne a wata. Jika 40 na wata uku ke nan za su koma jika 52. Zubinmu dala 50 ne a mako, wato jika 13 a shekara. Ku duba da kyau: bashin wayar nan daidai yake da zubinta na shekara huɗu cur. Kuma wannan kuɗin saye ne kawai, ba a fara ciyar da wayar ba.

Ciyarwar ce mutane ba su cika lissafawa ba. Mu ce tana sayen forfe na dala 20 kullum, a wata jika 3 ke nan. Mu ce mai sharji yana karɓar dala 10, ita kuma babbar waya kusan kullum sai ta sha wuta, jika guda da rabi ke nan. An tashi jika 4 da rabi a wata, jika 54 a shekara. Abincin wayar na shekara guda ya fi kuɗin wayar kanta. Ƙaramar waya mai maɓallai kuwa tana iya kwana uku ko huɗu ba ta nemi wuta ba, in an kai ta sharji sau takwas a wata dala 80 ne. Farashin garinku zai iya bambanta da wannan, sai ku sa naku a wurin, amma ku yi lissafin kafin ku buɗe akwati.

To, ba cewa muke kar kowa ta sayi babbar waya ba. Tambayar ita ce me za ki yi da ita. In kira ne da karɓar kira, da karɓar kuɗi ta Airtel Money ko Moov Money ko Zamani Cash, da sauraren rediyo, da tocila da daddare, ƙaramar waya ta Itel ko Tecno ta ishe ki, kuma ta fi jure ƙura da faɗuwa da hannun yara. Duk aikin kuɗin waya ana yin sa da lambobin da ake dannawa, ba ya bukatar intanet. Saƙon da ke zuwa in an turo kuɗi ta NITA ko Amana ko Al Izza shi ma yana shiga ƙaramar waya lafiya lau. Wadda babbar waya ke yi wa amfani na gaskiya ita ce mai miji ko ɗa a ƙasar waje, domin kiran ƙetare da kiredi yana cinye kuɗi kamar wuta a karan dawa, alhali saƙon murya na WhatsApp abu kaɗan yake ci. Sai kuma mai sana'ar da hoto ke sayar mata da kaya, kamar mai ɗinki ko mai kiwon tumaki da ke son nuna wa dillali rago tun kafin ranar kasuwa.

In kin tabbata kina cikin waɗannan, ga abin da za ki duba. Kar mai shago ya ruɗe ki da yawan idanun kamara a bayan waya. Ke da za ki aika murya da hoto ɗaya-biyu, abin da ya dame ki uku ne: batir, da wurin ajiya, da ƙarfin aiki. A jikin kwali ana rubuta su. Batir ya kasance 4000 ko 5000, wurin ajiya kar ya gaza 32 Go, abin da suke kira RAM kuma kar ya gaza 2 Go, in ba haka ba bayan ƴan watanni za ta fara tsayawa tana cewa ta cika. Ta zama mai ɗaukar layi biyu. Itel da Tecno da Infinix duk na kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin mai suna Transsion, kuma amfaninsu a wajenmu shi ne masu gyara na Buza da Madawa da Ƙwanni sun san cikinsu, gilashi da batir ɗinsu ba su wuyar samu. Waya mai babban suna da ba a samun gilashinta sai Yamai, ranar da ta faɗi a bakin rijiya ta zama madubi.

Maganar ta hannu, wato wadda aka riga aka yi aiki da ita, a nan ne aka fi cutar mata. Wata daga cikinmu ta sayi irinta bara wajen wani mai yawo da wayoyi ranar kasuwa, da arha har tana murna. Da ta zo gida ɗanta ya goge ta don ya sa mata nata abubuwan, sai wayar ta kulle, tana neman adireshin Google na mai ita na farko. Mutumin kuwa ba a sake ganinsa ba. Saboda haka in za ki sayi ta hannu, ki tafi da wanda ya iya, a goge ta a gabanki, a kunna ta, a sa layinki, a yi kira, a buɗe WhatsApp a ga yana tafiya. Tsofaffin wayoyi WhatsApp yana barinsu a baya. Tun watan Oktoba na 2023 ya daina aiki a kan Android da bai kai lamba 5 ba. Sabuwa kuma a danna *#06#, wata doguwar lamba za ta fito, a gwada ta da wadda ke jikin kwali. In ba su zo ɗaya ba, ki mayar masa da abinsa. Ki nemi takardar saye, ko da a bayan kwali ne ya rubuta kwanan wata da kuɗin ya sa hannu.

Sai layi. Kamfanoni huɗu ne a ƙasarmu: Airtel, wanda iyayenmu har yanzu wasu ke kira Celtel ko Zain, Moov Africa, Zamani, wanda ya gaji Orange bayan an sayar da shi a 2019, da Niger Telecoms na gwamnati, wanda aka haɗa daga Sonitel da SahelCom a 2016. Ba za mu ce muku wannan ya fi wancan ba, domin a ƙasar Adar dutse ne ke yanke hukunci. Layin da ke cika a kan tudu, in an gangara fadama sai ya ɓace, kuma ƙauyuka biyu da ke jin kiran sallar juna za ki tarar kowane da layin da ke kama shi. Ki ari wayar maƙwabta ki gwada a cikin ɗakinki, ba a bakin kasuwa ba. Sannan ki duba wane layi ne mutanenki suka fi riƙewa, uwarki, da dillalinki, da uwar ƙungiya, don sau da yawa kiran layi ɗaya ya fi sauƙi a kan kira zuwa wani kamfani.

Abin da za mu fi ja muku kunne a kansa shi ne sunan da ke kan layin. Ana rajistar layi da katin ɗan ƙasa. Da yawa daga cikinmu layinmu da sunan miji yake, ko na ƙane, ko ma na yaron da ya sayar mana da shi a kasuwa. Ranar da waya ta ɓace aka je neman a dawo da lambar, mai sunan za a nema, shi kuwa yana Sabha ko Abijan. In akwai kuɗi a ciki sai a yi ta jira. Wadda ke da kati ta je ta sa layinta da sunanta. Wadda ba ta da shi, wannan ma wani dalili ne na zuwa mairi a fara neman takardar haihuwa. Mun sha faɗa a wannan fili, za mu kuma ƙara.

Forfe kuma iri-iri ne, na yini, na mako, na wata, har da na dare. Farashinsu yana canzawa, don haka ki sa a karanta miki abin da ke cikin jerin kamfaninki a yau. Na yini yana da daɗin saye don kuɗinsa kaɗan ne, amma abin da ba ki cinye ba yakan mutu in lokacinsa ya cika. Mai magana da maigida sau biyu a mako ba ta da dalilin saye kullum. Ku yanka rana, a ce Juma'a da Litinin bayan isha'i, ki sayi na yini a waɗannan ranakun kawai, sauran kwanakin intanet ɗin a rufe. Da forfe na dala 20, dala 160 ke nan a wata maimakon jika 3. Ki koyi wurin rufe intanet da hannunki tun ranar farko, domin in forfe ya ƙare yana buɗe, wani lokaci kiredin kira yake komawa yana ci.

Akwai gyara biyu da ya kamata a yi wa kowace sabuwar waya tun a shago. A cikin WhatsApp, a shiga "Paramètres", sannan "Stockage et données", a hana hoto da bidiyo sauka da kansu. A cikin Play Store kuma a hana manhajoji sabunta kansu da forfe. Saƙon murya na minti guda bai kai rabin mega ba, amma bidiyon biki ɗaya da aka jefo cikin guruf zai iya lashe abin da za ki yi kwanaki kina magana da shi. Galibin masu cewa kamfani ya sace musu mega, in aka bincika, bidiyo ne, ko kuma yaran gida da suka ɗauki wayar lokacin da uwar ke wajen daka. A sa mata lambar kullewa. Haka nan in saƙo ya shigo yana cewa danna kaza ki samu waƙar jiran kira ko labarin wasanni, kar ki danna, irin waɗannan kullum suke yankar kuɗi kaɗan-kaɗan. In kina da ƙorafi na gaske ki fara da ofishin kamfanin. Sama da su akwai hukumar ARCEP da ke sa ido kan kamfanonin sadarwa.

Lambar sirri ta kuɗin waya kuwa, ba a faɗa wa kowa ita. Duk wanda ya kira ya ce daga kamfani yake, kin ci kyauta, ko ya turo miki kuɗi bisa kuskure ki mayar, kashe wayar ki duba asusunki da kanki.

Mu koma ga amaryarmu. Da muka kai mata lissafin, uwar ƙungiya ta ce mata: "Ƙanwata, wanda za a kira shi ya kamata ya sayi abin kira. Ki gaya mishi." Ta gaya masa. Ya ce ba shi da su yanzu, kuɗin mota ma rance ya yi, amma in ya sauka ya samu aiki zai aiko. Aka tsaya a kan haka: ta ɗauki bashin jika 15, ta sayi ƙaramar waya da layi da sunanta, sauran ta ƙara jarin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, daga nan za ta biya. Shi zai riƙa kiranta, tunda karɓar kira ba ya cin kuɗinta. Ba ta ji daɗi sosai ba, ba za mu ɓoye muku ba, kuma biyu daga cikinmu har yanzu suna ganin da an ba ta abin da ta nema tunda ba ta taɓa fashin zubi ba.

Maganarta ta tayar da wata. Sakatariyarmu ta kawo shawarar ƙungiya ta sayi babbar waya guda daga ribar rabon bana, ta zauna hannun mutum ɗaya, a riƙa ɗaukar hoton littafin zubi duk mako don kar ruwa ko gara su cinye mana lissafi, kuma mai son aika murya ga nata na nesa ta biya dala 10 ta aika. Inna ma'ajiya ta ce ta yarda da hoton littafi, amma wa zai hana mai riƙon wayar sauraren saƙon mutane, kuma in ta fashe wa zai biya? Ba mu gama ba, mun ɗage zuwa taro na gaba. In akwai ƙungiyar da ta riga ta gwada wayar haɗin gwiwa a Buza ko Keita ko Madawa, ku ba wakiliyarku labarin yadda kuka yi da waɗannan tambayoyi biyu ta kawo mana kafin fitowa ta gaba.