Zakaran Gwajin Dafi

Wai ni jama'a, gaggawar me kamfanonin mota suke yi ne? A 2022 Toyota ta fito da motarta mai lantarki, bZ4X. Ko wata uku ba a rufa ba sai ga sanarwa: motoci kusan 2,700, kowa ya ajiye tasa, wai notin taya yana kwancewa, tayar tana iya ficewa ana tsaka da gudu. Taya fa!

Wasu sun ce ai sun kyauta da suka faɗa. To wadda ta riga ta kwashi 'ya'yanta a ciki fa? Ka biya kuɗinka, kuma a gwada dafi a kanka? Ni kam ko Alhaji ya ce zai sai min sabuwar fitowa, cewa zan yi ya dakata tukuna. Rai ba shi da safaya.