Taron Safe Ba Zaman Fada Ba Ne

An sa taron ma'aikata ƙarfe takwas, amma ba a fara shi sai Yallaɓai ya iso, Yallaɓai kuwa ba ya isowa sai hantsi ya dubi ludayi. Da shigowarsa kowa ya miƙe. A bi manya da gaisuwa gwargwadon muƙami, sannan ya ɗauki magana ya riƙe ta minti arba'in: ya yi faɗa a kan makara, ya karanta takardar da aka aiko daga Gusau. A ƙarshe ya tambaya ko akwai mai ƙorafi, ɗaki ya amsa da murya ɗaya: babu matsala, ranka ya daɗe. Alhali mai kula da sito ya san maganin zazzaɓi ba zai kai jibi ba, direba kuma ya ji a tasha cewa hanyar da za a bi yau ba ta da lafiya. Kowannensu ya fita da labarinsa a baki.

Wannan shi ake kira taron safe a ofisoshi da asibitoci da makarantu da yawa tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Garuruwan uku kowanne ya fitar da gwamnan Zamfara, Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Mafara, Bello Matawalle daga Maradun, saboda haka ba a koya wa mutanensu yadda ake zama gaban mai iko. Ladabin nan yana da kyau a muhallinsa. Ɓarnar ta faru ne da aka kwaso shi daga zauren fada aka shimfiɗa a wurin aiki, inda magana take gangarowa daga sama kawai, ba ta hawa.

Masu gyaran zamani sukan ce tsawon taron ne illarsa: a yi shi a tsaye, kada ya wuce minti 15, kamar yadda masu rubuta manhajar kwamfuta suke yi a tsarin da suke kira Scrum. Suna da hujja. A 1999 Allen Bluedorn da abokan aikinsa a Jami'ar Missouri ta Amurka sun gano cewa taron zaune ya fi na tsaye tsawo da kashi 34 cikin ɗari, ba tare da ya fi shi kyawun shawara ba. To amma a tsayar da mutum ashirin su saurari shugaba shi kaɗai na minti 15, me aka gyara? An dai rage wa kujeru aiki.

Yankin nan ya fi ko'ina sanin kuɗin da ake biya idan labarin ƙasa bai kai sama ba. An kammala madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta, aka tsara za ta shayar da kadada dubu 23. Manoman da aka karɓe wa gonaki sun yi ta kukan diyya da damunar da ta wuce su ba shuka, har suka kai ga tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sanda a Birnin Tudu. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na mamata, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Ba mai hankalin da zai ce taron minti goma ne zai hana wannan musiba, domin asalinta ƙasa ce da kuɗi da mulki. Sai dai ɗabi'ar da ta toshe kunne a lokacin ita ce take zaune a kan kujerar shugaban taro a yau, a ƙaramin sikeli. Shi ya sa da Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING a 2014 don farfaɗo da Bakolori da wasu madatsu, aka jingina gyaran ga ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan. Wanda ke buɗe ƙofar magudana shi ya san wadda laka da ciyawa suka cike, shi ya san wane yanki ruwa bai kai ba jiya. Shinkafar da ta rasa ruwa a lokacin fitar da kai ba ta jiran taron wata-wata.

Ba sai an je Japan ko Amurka neman misalin da ya yi aiki ba. Duk ma'aikacin lafiyar da ya yi zagayen rigakafin shan-inna ya san taron bita na kowane yammaci. Ayari ya dawo daga unguwa, a zauna a mazaɓa, daga nan a kai sakamakon ƙaramar hukuma: yara nawa aka samu, wane gida aka ƙi buɗewa, wace ruga ba a kai ba, ina ƙanƙarar akwatin rigakafi ta narke tun kafin azahar. Gidan da ya ƙi, a sanar da mai unguwa ko hakimi a daren, gobe da safe a koma. Maganar daga bakin matar da ta shiga gidajen take fitowa, kuma kowace matsala tana barin wurin da sunan wanda zai bi ta. Da irin wannan naci, haɗe da wasu matakai, aka kai ga ranar 25 ga Agusta 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Tsarin ya nuna rauninsa ma: inda ake tsawata wa mai kawo mummunan adadi, sai takardu su cika da alƙaluma masu kyau da ba su da yara a bayansu, har sai da aka riƙa bin sawun ayari da wayoyi masu nuna inda aka taka.

Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta ci karo da wannan a asibitocin Amurka: rukunin ma'aikatan jinya da suka fi jituwa da shugabansu su ne suka fi yawan kurakurai a rubuce. Ba don sun fi kowa kuskure ba, sai don ba sa tsoron faɗa. Shugaban da ke alfahari taronsa kullum babu matsala, da rashin labari yake alfahari.

Za a ce al'ada ba ta yarda ƙarami ya gyara wa babba a bainar jama'a ba. Wannan uzuri ya fi kowanne rauni, domin masu yin sa sun fito ne daga sallar asuba, inda liman in ya yi mantuwa na bayansa yake cewa subhanallah, ko da almajiri ne, kuma ba a taɓa kiran hakan rashin kunya ba. An tanadi kalmar, an tanadi lokacinta, liman ya san don sallar kowa aka faɗe ta. Abin da taron safe ya rasa ke nan: gurbin da aka keɓe wa na baya. A fara da mafi ƙanƙantar muƙami, leburan magudana ko mai shara ko direba, shugaba ya zama na ƙarshe, domin da zarar ya riga kowa furta ra'ayi sauran sai amin. Idan takwas ta buga a fara, ya iso ko bai iso ba. Maganar farko ta yau ita ce alkawarin jiya: an gyara famfon ko ba a gyara ba?

Uzurin da ya fi nauyi shi ne na kuɗi. Shugaban sashe zai ce mene ne amfanin jin koke kullum alhali kuɗin gudanarwa ba sa zuwa? Rabin maganarsa gaskiya ne. Amma sauya wa ma'aikaciya ranar aiki, ko aro magani daga asibitin maƙwabta kafin na sito ya ƙare, ko ɗage tafiya ƙauye zuwa ranar kasuwa da hanya ke da jama'a, ba sa buƙatar sa hannun kwamishina. Abin da ya fi ƙarfin ɗakin kuwa a rubuta shi da kwanan wata a tura gaba, ranar da aka zo neman mai laifi takarda ta yi magana.

Wasu kuma sun ce zauren WhatsApp ya wadatar. A can ma Yallaɓai ne ke rubutu, na ƙasa suna jera alamar babban yatsa. Kuma a watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, makonni aka yi babu saƙon da ke shiga ko fita. Asibitoci ba su rufe ba. Ma'aikaciyar dare tana miƙa wa ta safe aiki baki da baki, gado bayan gado, a tsaye.