Wa Ya Ce Sai An Kori Hausa Kafin Yaro Ya Iya Turanci?



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan uwana matasa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau wani kwali ne da na gani a gidan wani maƙwabcina a nan Daurawa. Wannan bawan Allah yana da 'ya'ya huɗu: mai shekara 5, mai 7, mai 10 da mai 12. Tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023, kuɗin makaranta da na adaidaita sahu suka fi ƙarfin albashinsa, sai shi da uwargidansa, wadda ta yi karatun koyarwa, suka yanke shawarar ta riƙa karantar da yaran a gida da safe, da yamma kuma su zo mana Islamiyya. Ya kira ni in duba littattafan koyon harshe da ya tara musu, in sa albarka.

Na zauna na ƙirga. Kowane yaro da nasa littafin karatu, da na nahawu, da na haɗa baƙi, da na gyaran rubutu: goma sha shida ke nan, kuma dukkansu da Turanci. Wasu a Sabon Gari aka sayo su, wasu daga intanet aka sauko da su aka buga a wani shagon kwamfuta a Gyaɗi-Gyaɗi. Ko ƙyallen takarda ɗaya ta Hausa babu. Da na tambayi dalili sai ya yi dariya ya ce: "Haba Malam, Hausar da suka sha a nono?"

Na kira 'yar shekara goman na ce ta karanta mini shafi guda. Ta karanta da kakkaryar harshe, mahaifinta yana murmushi. Na ce: "To, 'yata, ba ni labarin abin da kika karanta." Ta sunkuyar da kai. Na rubuta mata jimla biyu da Hausa a bayan takarda, sai ga ta tana cije-cije kamar mai tauna tsakuwa. Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, domin a ajina ta haddace izu uku. Abin da aka koya mata shi ne fitar da sauti, ba a koya mata karatu ba. Kuma wallahi irinta sun cika gidajenmu daga Tarauni har Hotoro.

A nan nake da ja da iyaye, musamman ku 'yan boko da kuka fara iyali. Jin harshe daban, karanta shi daban. Yaro sau ɗaya yake koyon sirrin karatu a rayuwarsa, wato ya gane cewa waɗannan baƙaƙe magana ce mai ma'ana, kuma ya fi saurin gane haka a harshen da yake mafarki da shi. Rubutun Hausa wasali biyar gare shi, kuma kusan kowane harafi sauti ɗaya yake ɗauka. Duk da ba a nuna karin sauti da tsawon wasali, yaron da ya tashi da harshen yana cike gurbin da kansa. Turanci kuwa haruffa 26 ne suke ɗauke da sautuka kusan 44, harafi ɗaya ya yi wannan ƙara a nan, ya yi wata a can. Mun ɗora wa ɗan shekara biyar kaya biyu a lokaci guda, baƙon harshe da baƙon rubutu, sa'an nan in ya durƙushe mu ce ba shi da ƙwaƙwalwa.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce jarrabawar WAEC da NECO da JAMB da Turanci ake yin su. Za a ce ita kanta gwamnatin tarayya, wadda a 2022 ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ta soke wannan tsari a watan Nuwamba na 2025 ta bakin Ministan Ilimi Tunji Alausa, bisa hujjar yawan faɗuwa jarrabawa. Amsata ita ce: ku da kuka yi makaranta a Kano, ku faɗa mini tsakaninku da Allah, wanne kuka fi gani, ajin da aka wadata shi da littattafan Hausa, ko ajin da ake cin tarar yaro in ya kuskura ya yi Hausa? Maganin da ba a sha ba, ta yaya za a ce shi ya kwantar da majiyyaci? Inda aka gwada abin da gaske, wato gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon shekara shida, aka kuma ba su Turanci a matsayin darasi, ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin. Bayan wannan kuma, ikon minista a aji yake. Tsakar gidanki, ya 'yar uwa, ke ce ministarsa.

Ba gaba nake da Turanci ba. Da shi na yi digiri, kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don buƙatar al'umma. Abin da nake ƙi shi ne saye da ido rufe. Da yawa daga manhajojin karatun gida da suka shahara a intanet, irin su Abeka ta Amurka, an rubuta su ne don tarbiyyar yaran Kirista na can, kuma masu su ba su ɓoye wannan ba; mu ne ba ma karantawa kafin mu buga. A 2023 da gwamnatin Kano ta hana amfani da Queen Primer da wasu littattafai, iyaye nawa ne suka taɓa buɗe littafin kafin su ji a rediyo?

Kuskure na biyu shi ne ɗauko tsarin aji-aji a jibga wa mace ɗaya. Makaranta tana raba yara aji shida ne saboda tana da malamai shida. Uwa ɗaya, ga girki ga goyo, ta yaya za ta bi manhaja huɗu kafin azahar? Alhali kuwa maganin yana hannunmu tun kaka da kakanni. A makarantar allo malami ɗaya ne, zaure ɗaya, amma kowa da allonsa: wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, wani ya yi nisa a izu, manya kuma suna biya wa ƙanana.

Ga abin da na shawarci maƙwabcina da shi. A buɗe safiya da majalisi ɗaya, a karanta labari guda daga Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, kowa yana ji. Daga nan sai allo ya rabu: ƙaramin ya maimaita labarin da baki, ya koyi baƙaƙe a Ka Koyi Karatu, mai bakwai ya kwafi jimla uku, a yi masa shifta, mai goma ta rubuta labarin a taƙaice da kalmominta, babban ya juya sakin layi ɗaya zuwa Turanci, ya kuma duba aikin ƙannensa. Turanci a fara shi da baki tun ranar farko, amma kada a miƙa wa yaro littafinsa sai ya iya karanta shafin Hausa ya ba da labarinsa. Manyan biyu littafin nahawun Turanci ɗaya ya ishe su, a haɗa da tambayoyin jarrabawar shekarun baya, domin ranar zama gaban takarda tana nan tafe. Larabci kuma kada a tsaya a hadda: daga Ƙa'idar Bagadadi a wuce Bari da Biba, a kai ga An-Nahwul Wadih, ana fassara kowace jimla da Hausa. Tun da yaran sun riga sun san haruffan Larabci, 'yan makonni sun isa su kama Ajami, su karanta abin da kakanninsu suka rubuta.

Duk wanda yake ganin wannan ƙauyanci ne, ya tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ta naƙalci Larabci har tana wallafa da shi, amma da ta tashi ilmantar da matan karkara ta hannun jajinta na 'Yan Taru, da Hausa da Fulatanci ta isar musu. Ko mun fi ta sanin darajar ilimi ne?

Ba ina kiran kowa ya cire ɗansa daga makaranta ba ne, domin dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ɗora wa uba nauyin karatun ɗansa na shekara tara, kuma ba kowane gida ne zai iya wannan aiki ba. Amma ko ɗanka yana zuwa makaranta, yau da dare ka kira shi, ka ba shi shafi ɗaya na Turanci da ɗaya na Hausa, ka ce ya ba ka labarin kowanne. Abin da ka ji, shi zai gaya maka littafin da ya kamata ka fara saye.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba su ilimi mai amfani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni.

Wassalamu alaikum.